Yayana ya yi yaƙi a Iraƙi, amma takardar sallamarsa ba ta nuna ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Yayana ya yi aikin sojan ƙasa na Amurka, kuma an tura shi Iraƙi a 2004 a matsayin direban motar dakon kaya. Wata rana bam ɗin da aka binne a gefen hanya ya tashi dab da motarsa, sannan aka buɗe wa ayarinsu wuta. Tun daga ranar yake fama da ciwon kai da ƙarar kunne, amma takardar sallamarsa ba ta ɗauke da wata lambar yabo ta yaƙi. Shin ya cancanta, kuma ana iya gyarawa bayan waɗannan shekaru? Daga wata mai karatu a unguwar Bronx, Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yayanki lafiya. Ana iya gyarawa, sai dai ya kamata ku san tun farko cewa zuwa ƙasar da ake yaƙi kaɗai ba ya sa soja ya sami irin wannan lamba, domin kowace da sharaɗinta.

Lambar da ta fi shahara, Combat Infantryman Badge, wadda aka ƙirƙiro a 1943, ta sojojin da aikinsu shi ne gwabzawa da ƙafa ce da dakaru na musamman, don haka direba ba ya cikinta komai irin wutar da ya shiga. Wannan ya daɗe yana yi wa mutane ciwo, musamman a Iraƙi inda ayarin motocin kaya suka sha cin karo da bama-baman gefen hanya. Shi ya sa a watan Mayu na 2005 aka fito da wata sabuwar lamba, Combat Action Badge, domin sojojin da waccan ba ta shafa ba, aka kuma mayar da hukuncinta baya zuwa 18 ga Satumba, 2001. Sharaɗinta shi ne sojan ya kasance a wurin da kansa, yana fafatawa da abokan gaba ko su suna kai masa hari, a yankin da ake biyan kuɗin shiga haɗari. Tunda abin ya sami yayanki kafin a ƙirƙiro lambar, ba abin mamaki ba ne a ce rundunarsa ba ta taɓa rubuta masa ita ba.

Maganar lambar Purple Heart ta fi tsauri. Ana ba da ita ga wanda harin abokan gaba ya raunata, da sharaɗin cewa raunin ya kai a nemi kulawar likitan soja, kuma an rubuta hakan a kundin lafiyarsa. A 2011 an fayyace cewa girgizar ƙwaƙwalwa da fashewar bam ke jawowa tana iya shiga ciki, amma firgicin da ke bin mutum bayan yaƙi ba ya wadatarwa shi kaɗai. Saboda haka ku bincika ko an duba shi a wancan lokacin, ko da 'yar takarda ce da ke nuna an hutar da shi daga aiki.

Matakin farko shi ne ya nemi cikakken kundin aikinsa da na lafiyarsa ta hanyar fom ɗin SF 180. Daga nan sai ya rubuta wa sashen lambobin yabo na hukumar kula da ma'aikatan sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentaki, ya haɗa da takardar sallamarsa ta DD 214, da takardar umarnin tura shi Iraƙi, da bayanin abin da ya faru da rana da wuri, da rubutacciyar shaidar rantsuwa ta aƙalla mutum biyu da suka gani da idonsu. Idan an amince, za a yi wa takardar sallamar gyara. Idan an ƙi, sai ya cike fom ɗin DD 149 zuwa ga kwamitin gyaran kundin sojan ƙasa. Doka ta ba da wa'adin shekara 3 daga lokacin da aka gano kuskuren, amma kwamitin yana da ikon ɗage wa'adin idan adalci ya buƙaci haka, don haka ya bayyana dalilin jinkirin dalla-dalla.

A ganina shaidun nan biyu su ne ƙashin bayan neman, domin kwamitin yana ɗaukar cewa abin da ke cikin kundi daidai ne har sai mai nema ya kawo hujjar da ta saɓa masa. Wanda ya zauna kusa da shi a motar, da sajan ɗin da ya jagoranci ayarin, su za a fara nema tun ba su ƙara warwatsewa ba. Kada a ƙara gishiri a bayani ko kaɗan, domin saɓani ɗaya tsakanin maganarsa da rahoton runduna yana iya rushe komai.

Wahalar ta cancanci a sha, domin lambar yaƙi a takarda tana sauƙaƙa masa tabbatar wa ma'aikatar tsoffin sojoji cewa ya shiga fama idan yana neman diyyar rauni, Purple Heart kuma tana ba shi fifiko a asibitocin ma'aikatar. Ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su American Legion da Disabled American Veterans suna da jami'an da ke taya cike waɗannan takardu kyauta, saboda haka ya fara zuwa wurinsu kafin ya biya wani kuɗi.