Tambaya da Amsa: Jirgin Sama Mai Gindin Kwale-kwale

Tambaya: Na ga hoton wani jirgin sama na Yaƙin Duniya na Ɗaya yana zaune a kan teku kamar kwale-kwale. Yaya yake tashi, kuma me ya fi ba shi matsala? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, mai yiwuwa Felixstowe F.2A ka gani. John Porte, hafsan sojan ruwan Ingila, shi ya ƙera shi a tashar gwaji ta Felixstowe, bayan ya ga gangar jikin jirgin Curtiss H-12 na Amurka ba ta jure igiyar Tekun Arewa. Ya bar fukafukan kusan yadda suke, ya sake gindin.

Sirrin tashinsa a gindin yake. An yi shi da tsini kamar ƙirjin kaza don ya keta igiya, aka yanka masa matakala biyu a ƙasa. Idan jirgi ya ɗauki gudu, ruwa kan manne wa katako ya riƙe shi. Matakalar ce ke shigar da iska ta raba su. Ranar da teku ta kwanta lumui tashi ya fi wuya, ƙaramar igiya taimako ce. Katakon kuma yana shan ruwa ya ƙara nauyi, shi ya sa ake jawo jirgin tudu bayan aiki.

Injinan Rolls-Royce Eagle biyu gare shi, mutum huɗu, yana yin kamar awa 6 a sama. Farautar jiragen ruwan Jamus masu nutso ce aikinsa, a wani tsarin sintiri mai siffar saƙar gizo-gizo, faɗinsa mil 60, wanda aka fara da H-12 a Afrilun 1917.

Babban ciwonsa man fetur. Manyan tankuna na cikin gangar jirgin, injina na sama tsakanin fukafukai. Ƙananan farfeloli da iska ke juyawa su ke tuƙa famfon da ke tura mai zuwa tankin fiffiken sama, daga nan ya gangaro. Bututun ya yi tsawo, jijjiga ta tsaga shi ko datti ya toshe, sai saukar dole a tsakiyar teku. A ganinmu wannan ya fi harsashin abokan gaba wahalar da matuƙa. Idan rediyo ta ƙi aiki, tattabarun da ke cikin kwando ake saki da wasiƙa a ƙafa.