Kafin ka kashe kuɗi a sabuwar saba, karanta abin da baƙin sikirin ɗin nan yake gaya maka

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato yadda ake zuba Windows da manhajoji a kwamfutoci da yawa lokaci guda ta kebul ɗin netwok, maimakon mutum ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya da filas a hannu. Na zaɓo guda huɗu.

Tambaya ta farko daga wani mai cibiyar CBT a Zariya, a kan FOG, manhajar da ake ɗorawa a saba (kwamfutar da take yi wa sauran hidima) domin wannan aikin: "Malam mun ɗora FOG a kan Ubuntu, tsofaffin kwamfutocinmu suna yin butin ta netwok lafiya lau, amma Dell OptiPlex na hannu da muka ƙaro guda 60 sun ƙi, sai su rubuta Start PXE over IPv4 su ɗan tsaya su wuce abinsu. Injiniyanmu ya ce sabar ce ta yi ƙarama mu sayi babba. In saya?"

Yallabai dan Allah kar ka saya tukuna, sabar nan ba ta yi maka laifin komai ba. Ai da ƙarfinta ne ya kasa da tsofaffin ma ba za su tashi ba. Bari in gaya maka abin da yake faruwa a 'yan daƙiƙun nan da kake ganin baƙin sikirin. Tsarin da ake kira PXE, wanda kamfanin Intel ya fitar tun ƙarshen shekarun 1990, tafiyarsa mataki-mataki ce: kwamfuta tana tashi sai katin netwok ɗinta ya yi shela yana neman adireshin IP, DHCP, wato mai raba adireshi a netwok, ya ba shi, ya kuma gaya masa ga inda sabar take ga sunan fayil ɗin da zai ɗauko, wannan su ne lamba 66 da 67 a saitin DHCP, daga nan sai ya je ya ɗauko ɗan ƙaramin fayil ɗin ta TFTP, wato wata sauƙaƙƙiyar hanyar tura fayil a netwok, shi kuma fayil ɗin ya jawo sauran. Duk aikin nan bai kai abin da zai gajiyar da tsohuwar Core i3 ba.

To inda matsalarka take shi ne fayil ɗin. Tsofaffin kwamfutocinka da tsohon BIOS suke tashi, wato 'yar manhajar da take fara tayar da kwamfuta kafin Windows, abin da FOG yake ba irinsu shi ne undionly.kpxe, su kuma sababbin UEFI ne, wato sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS, wannan rubutun na Start PXE over IPv4 ma shi ya nuna hakan, kuma UEFI ba ta san abin da za ta yi da undionly.kpxe ba, za ta sauke shi tsaf, wani lokacin har ta rubuta maka cewa fayil ya sauka, sannan ta tsallake ta koma faifai. Abin da take so shi ne ipxe.efi ko snponly.efi. Kaga kenan DHCP ɗinka yana ba kowa fayil iri ɗaya alhali gida biyu ne.

Maganin kyauta ne. In ƙaramar rauta ce irin ta gida take raba muku IP, galibinsu ba sa iya bambance wa ya zo da BIOS wa ya zo da UEFI, wasu ma babu wajen saka 66 da 67 ɗin gaba ɗaya, to sai a ɗora wani ɗan shiri mai suna dnsmasq a kan sabar FOG ɗin a saita shi ya zama ɗan rakiya kawai, rauta ta ci gaba da raba IP, shi kuma ya riƙa duba irin kwamfutar da ta yi magana yana miƙa mata fayil ɗin da ya dace da ita. Sannan ku shiga saitin Dell ɗin da F2, ku tabbatar an kunna UEFI Network Stack, katin netwok yana kan Enabled w/PXE, ku kashe Secure Boot lokacin aikin domin yakan ƙi karɓar fayil ɗin da ba shi da sa hannun da ya sani. Kuma tunda na hannu ne, ku duba ɗan batirin nan na kan allon cikin kwamfuta wato motherboard, CR2032, in ya mutu duk saitin da kuka yi zai iya gudu da zarar an ɗauke wuta an cire soket, gobe ku zo ku ga kamar ba ku taɓa komai ba.

Ga sauran masu karatu da nasu saƙon ya bambanta, ku riƙa ɗaukar sikirin ɗin a bidiyo da waya saboda rubutun ba ya jimawa. PXE-E61 kebul ne ko ramin suwic, kwamfutar ba ta ma ga layi ba. E51 ta yi kira babu DHCP ɗin da ya amsa. E53 ta samu IP amma ba wanda ya gaya mata sunan fayil. E32 kuma ta san fayil ɗin ta je ɗaukowa TFTP bai amsa ba, a nan sai a duba ko sabis ɗin yana aiki ko fayawol ta toshe fot 69. A cikin huɗun nan babu wanda sayen babbar saba yake warkarwa.

Ta biyu daga wata malama mai kula da ɗakin kwamfuta a wata sakandare a Katsina: "Kwamfutocinmu 40 ne, butin yana yi amma zuba imej ɗin sai ya cinye wuni har da kwana, wani lokacin wuta ta ɗauke mu koma farko. An ba mu ɗan kuɗi, suwic zan canja ko RAM zan ƙara wa saba?"

Malama suwic, ba ko shakka, amma fara duba na yanzu tukuna. In an rubuta 10/100 a jikinsa to shi ne ɓarawon lokacinku. Mu yi lissafi tare: layin 100Mbps abin da yake iya turawa a zahiri bai wuce MB 11 zuwa 12 a daƙiƙa ba, in imej ɗinku, wato cikakken kwafin faifan da kuke zubawa, ya kai GB 25 kwamfuta ɗaya za ta ci wajen minti 36, kuma duk 40 ɗin ta kebul ɗaya na sabar suke sha, in kowacce nata ake tura mata daban kinga an doshi awa 24 kenan. Da gigabit, wanda yake ba da wajen MB 110 a daƙiƙa, wannan aikin dai zai dawo kamar awa biyu da rabi. In kuma kika yi amfani da moltikas, wato saba ta tura imej ɗin sau ɗaya tal kowa ya kama tare, FOG da Clonezilla, wata manhajar ɗaukar imej, duk suna yi, to ana iya gamawa cikin mintuna. Sai dai shi moltikas tafiyar ayari ce, da saurin raƙumin da ya fi kowa gajiya ake tafiya, kwamfuta ɗaya mai faifan da ya kusa mutuwa ko mai kebul mara kyau za ta ja sauran 39 ɗin ƙasa. In kin ga gudun ya faɗi ki nemo ta ki cire ta daga layi a yi mata nata daga baya.

Wane iri za ki saya? In netwok ɗin ɗakin shi kaɗai ne bai haɗu da na ofis ba, gigabit na talaka wanda ba a saita masa komai ya ishe ki, guda biyu masu rami 24 ko ɗaya mai 48. In kuwa ya haɗu da sauran makaranta, ko akwai waya-fai a kai, ki ƙara kuɗi ki ɗauki wanda ake iya shiga saitinsa mai IGMP snooping, wato saitin da yake tura moltikas ga ramukan da suka nema kawai, in ba haka ba duk lokacin da kuka fara moltikas zai watsu ko'ina intanet ɗin kowa ya tsaya. Su kuma irin waɗannan suna da nasu halin, musamman tsofaffin Cisco na hannu: in aka jona kebul sukan riƙe ramin wajen daƙiƙa 30 suna binciken Spanning Tree kafin su bar komai ya wuce, kafin nan PXE ta gaji da jira ta tafi. A kunna portfast, saitin da yake cire wannan jiran, a ramukan da kwamfutoci suke, shikenan.

Kuma dan Allah ki ware wani abu na kebul, wannan shi mutane suka fi rainawa kuma yana ba ni takaici. Gigabit sai duk wayoyi takwas ɗin da suke cikin kebul sun yi aiki, 100Mbps kuwa huɗu kawai yake buƙata, shi ya sa kan da aka matse ba daidai ba zai yi ta aiki shekara da shekaru ba wanda ya sani, ranar da kika kawo sabon suwic sai ki ga ya maƙale a 100. Cat5e na jan ƙarfe zalla yana ɗaukar gigabit har mita 100, ya fi Cat6 na bogi wanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ki sa a kankare waya ɗaya a gabanki a shago, in cikin ya fito fari ki ajiye musu kayansu. Ɗan abin gwada kebul ma ba shi da tsada. Saura in ya ragu a sa saba da suwic a kan UPS ko inbata. RAM bari shi yadda yake.

Ta uku daga wani mai gyara a Kano: "Oga imej ya zuba har 100% amma wasu suna tashi da shuɗin sikirin INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, wasu kuma Clonezilla ya ce faifan ya yi ƙarami alhali duk SSD ne kusan girma ɗaya. Zan ƙara sayen SSD 30, wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa kalmar nan "kusan" ita ta cuce ka. Akwai 240, akwai 250, akwai 256, duk a kasuwa ana kiransu abu ɗaya, amma Clonezilla a yadda yake zuwa ba ya yarda ya mayar da imej kan faifan da bai kai wanda aka ɗauko daga kansa ba ko da bambancin kaɗan ne. Don haka ka gina uwar imej ɗinka a kan mafi ƙanƙanta da kake da shi, ko ka matse fatishan ɗin Windows ya dawo kamar GB 80 kafin ka ɗauka sannan ka kunna -icds a expert mode na Clonezilla lokacin mayarwa don ya tsallake duba girman faifai, a FOG kuma ka zaɓi nau'in da yake iya miƙewa da matsewa wato resizable. Wajen saye, ka ɗauki 30 ɗin girma ɗaya kamfani ɗaya daga kwali ɗaya in da hali, ka jona biyu uku ka ga ainihin girman da lafiyarsu a CrystalDiskInfo kafin ka biya.

Shuɗin sikirin ɗin kuma yawanci saitin SATA ne, wato yadda aka saita faifai a cikin BIOS, ka ɗauko imej daga kwamfutar da take kan AHCI ka zuba a wadda take kan RAID On, kuma Dell da yawa a haka suke fitowa daga kamfani. Ka mayar da su duka AHCI kafin ka zuba, wannan ma yakan warware matsalar da FOG yake cewa bai ga faifai ba a masu NVMe. Kafin ɗaukar imej ka kashe BitLocker, wato makullin da Windows take kulle faifai da shi, ka buga powercfg /h off saboda Windows ta rufe da gaske ba rabin barci ba, sannan ka yi Sysprep da generalize yadda kowace kwamfuta za ta tashi a matsayin kanta. Maganar lasisi kuma, kwamfutocin kamfani tun daga zamanin Windows 8 da makullinsu a cikin allo suke zuwa, in imej ɗinka Pro ne makullin kuma na Home ne ba zai kama ba, ka tambayi dila wanne ne a ciki. Tunda ma maganar saye ake, Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, duk wanda zai zuba kuɗi a na hannu yanzu ya nemi Intel ƙarni na 8 zuwa sama mai TPM 2.0 wanda Windows 11 ta yarda da shi, kuma samfuri ɗaya, imej ɗaya ya wadatar da kowa ba sai ana farautar direbobi ba.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa: "Laftof shida gare ni, huɗu ba su da ramin kebul, in sayi adafta ta USB in haɗa irin wannan sabar?"

A'a Malam, kar ka wahalar da kanka. Ba kowace adafta ce BIOS yake gani lokacin butin ba, kuma FOG da lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok, yake gane kwamfuta, in kana yawo da adafta ɗaya tsakaninsu zai ɗauka duk kwamfuta ɗaya ce. Ka sauke Clonezilla Live kyauta ka saka a filas, ka sayi faifan waje mai USB 3.0 na GB 500 ko sama, ka gyara laftof ɗaya yadda kake so ka ɗauki imej ɗinta ka ajiye a ciki. Shida ɗin za ka gama su tsakanin azahar da magariba, kuma duk ranar da wata ta kwaso bairos ka jona faifan ka mayar da ita yadda take.