Tambaya da Amsa: Oben ɗina yana mutuwa ana tsakiyar gashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah shawara nake nema. Ina sana'ar kek da mitfai a gida nan Kaduna, oben ɗina na lantarki ne irin wanda ake sakawa cikin kabinet, shekara 3 kenan da saye. Da can in na gama gashi na kashe sai in ji fanka tana ta juyawa, sai in kashe daga makunnin bango dan kar ta sha min wuta, toh yanzu wajen sati 2 ban ƙara jin motsinta ba, maɓallan gaba suna zafi har sai na sa tsumma, kuma in ya yi kamar minti 25 a zafin digiri 180 sai ya ɗauke gaba ɗaya, sai ya huce ya dawo. Kek biyu na mutane sun lalace min wallahi. Mai gyaran da na kira ya ce wani ɗan abu ne ke yanke wutar, zai yi masa dairek shikenan. In bari ya yi?
Wata 'yar'uwa daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Dan girman Allah kar ki bari ya yi dairek ɗin nan. Wannan ɗan abun da yake son cirewa lafiyarsa ƙalau, shi ne mai gadin oben ɗin, an ɗora shi ne a jikin ƙarfe ta waje dan in zafi ya wuce kima ya yanke wuta, kuma aikinsa yake yi. In aka tsallake shi oben zai daina mutuwa, gaskiya ne, amma zafin ba inda zai je sai cikin wayoyi da katakon kabinet ɗinki, kuma daga nan gobara take farawa.

Kin ga irin oben ɗin nan yawanci fanka biyu gare shi. Akwai ta ciki a bangon baya, wadda kike hangowa in kin buɗe ƙofa, ita ke zagaya da zafi dan kek ya gasu daidai. Sai ta biyu a sama, ba a ganinta sai an zaro oben an cire murfi, galibi doguwa ce kamar gwangwani a kwance, aikinta ta jawo iska mai sanyi ta bi ta kan maɓallai da allon lantarki da gilashin ƙofa ta fito ta gaba. Ita ce ta tsaya miki. Ki gwada da kanki, ki kunna ki bar shi minti 10 sannan ki kai hannu kusa da 'yar tsagar da ke tsakanin ƙofa da maɓallai, in babu iska na fitowa toh alama ce ta tsaya.

Abin da na fi tararwa a gidajenmu shi ne maiƙo da ƙura. Tururin bota da mai yana hawa sama ya manne a fukafukan, hunturu ya zo ya zuba ƙurarsa a kai, abu ya zama kamar ƙaro, ita kuwa motar lantarkin da ke juya fankar 'yar ƙarama ce ba ta da ƙarfin ja, sai ta cije. Dan haka farkon abin da mai gyara zai yi, bayan ya kashe wuta daga babban makunni ya bar oben ya huce, shi ne ya juya fankar da yatsa. In ta yi tauri a goge da burushi da tsumma, a ɗiga ɗan man keken ɗinki a bushin ɗin, wato inda sandar fankar ke juyawa a ciki, sau da yawa nan take take tashi, duk da dai in bushin ya riga ya cinye za ta koma gidan jiya bayan 'yan watanni. In kuma tana juyawa sumul amma ba ta tashi, ya sa mitar gwajin lantarki a kan koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke cikin motar, in mita ba ta nuna komai ba koyil ya ƙone sai sabuwar mota. In koyil na da rai saura a zargi tamostat, wato ɗan abun da ke jin zafi ya ba ta umarnin tashi, ko allon lantarki a masu agogo, ko waya da ta saki. Ya duba wayoyin da kyau, ɓera na son ɗumin bayan oben kuma na sha ganin ɓarnarsa a wurin.

Wajen sayen sabuwa a tafi da tsohuwar a hannu, a kuma kwafi lambar samfurin da ke kan 'yar takardar nan a bakin ƙofa, dan tsayinsu da ramukan kusoshi sun bambanta, a kuma tabbatar ta wutar 220 zuwa 240 ce, saboda kayan gwanjo na Amurka akwai na 120 a ciki.

Sai maganar kashewa daga bango, Hajiya ki daina. Juyawar nan da take bayan kin gama ba matsala ba ce, haka aka yi ta, takan ɗauki minti 10 zuwa 20 ko fiye sannan ta tsaya da kanta, kuma wutar da take sha ba ta wuce wat 20 zuwa 30 ba alhali oben ɗin yana jan sama da 2,000. Duk sanda kika datse ta da zafi a ciki zafin yana taruwa ne a kan motar da allon, ya busar da man bushin, ina kyautata zaton hakan ya taimaka wajen kashe ta. In kuma wuta aka ɗauke kina tsakiyar aiki, ki fitar da abin da kike gasawa ki ɗan buɗe ƙofar zafin ya fita, ki janye yara daga wurin.

In ban da gwajin nan da na faɗa miki, kafin a gyara kar ki ƙara kunna shi, odar da kike da ita ki roƙi maƙwabciya ko ki koma tukunya da yashi na 'yan kwanakin nan. In mai gyaran ya dage sai dairek, ki biya shi kuɗin mota ki nemi wani.