Abin da ya sa ake cewa ka gama ɗaya tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambayar dalilin da ya sa manya ba sa barin mai koyo ya taɓa abu na biyu sai ya ƙware a na farko. Ka ce kana son haɗa karatunka da gyaran waya da kuma zane a kwamfuta, babanka ya ce ka rage, kai kuma kana ganin wannan tsohon yayi ne.

Lokacin da aka kai ni koyon kafinta, maigidana bai ba ni guduma ba. Fensir ya ba ni, da zarto, da guntayen katakon da aka zubar. In ja layi, in yanka a kansa. In na kawo masa ko uffan ba ya cewa, sai ya ɗaga katakon daidai fuskarsa, ya runtse ido ɗaya, ya miƙo mini wani. Muka yi ta haka har na fara zargin bawan Allahn nan ba ya ƙaunata. Ran da ya duba ya ajiye bai miƙo wani ba, ran nan ya bar ni na taɓa kusa. Sai da na girma a sana'ar na gane cewa kujera da ƙofa da akwati duk daga yankan nan suke farawa. In ya karkace, ko buhun kusa ka buga, kujerar sai ta yi ɗingishi.

To ka ga ba rowa ba ce. Ba a tauna taura biyu, kuma hannu ba ya riƙe abin da bai maimaita ba har ya gaji.

Kada ka ɗauka namu ne kaɗai. Imamu Bukhari shekara 16 ya yi yana tace littafin hadisansa guda ɗaya. Tun da kuma ka ce tsohon yayi, ga na zamaninku: da Steve Jobs ya koma kamfanin Apple a 1997, ya tarar da shi yana neman durƙushewa, ga kaya iri-iri barkatai. Ya soke mafi yawansu, ya ce a tsaya kan nau'in kwamfuta huɗu kacal. Abin da nake so ka lura shi ne, ba duk abin da ya soke ne marar amfani ba. Nan wuyar take. Barin shirme ai kowa zai iya, sai dai raggo. Amma ka ajiye abu mai kyau, wanda ranka ke so, don wanda ya fi shi ya samu ƙarfinka gaba ɗaya, wannan yana da ciwo, kuma shi babanka yake nema a wurinka.

Ni ban ce ka binne sauran biyun ba. Jeri za ka yi musu. Karatu yana da lokacin da in ya wuce kamo shi sai an sha wuya, waya kuwa ba za ta daina lalacewa ba, za ta jira ka. In ni ne, karatun zan ba safiyata, lokacin da kai yake wasai, in ɗauki ɗaya cikin biyun nan a hutu.

Ka rubuto mini wanda ka ajiye da watan da za ka koma masa. Ka gaida mamarka.

Baffanka