Game da Ƙaramin Idon Ruwan da Kake Tantamar Zuwa

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, na karanta shi sau biyu, karo na biyun ina dariya. Ka ce abokanka suna shirin zuwa nutso a wani idon ruwa da ke can nesa da teku, zurfinsa bai wuce mita 15 ba, cikin minti goma an zagaye shi, babu kifaye masu launi, babu murjani. Kai kuma da ka karɓi takardar shaidarka a teku kana ganin ɓarnar man mota ce kawai. Sannan ka ce an turo muku sharuɗɗa: ba a shiga da tocila, ba a taɓa ƙasa, ba a wuce allon da ke bakin kogo. Kana so ka ji ko al'ada ce mai tushe, ko fi'ilin tsofaffi ne irina.

Ka je. Amma in kallon kifi za ka yi, zauna gida ka huta.

Abin da ake zuwa nema a irin wannan wuri ruwan ne kansa. Ruwan sama ne da ya nutse cikin ƙasa, ya daɗe yana ratsa yashi da duwatsu har ya tace, sannan ya ɓuɓɓugo tas kamar gilashi. A Silfra ta ƙasar Ayislan, inda narkakkiyar ƙanƙara ke bi ta cikin dutsen aman wuta kafin ta fito, mutum yana hangen abin da ke nisan sama da mita 100. Naku ba zai kai haka ba, amma ranar da na fara sauka irinsa sai da kaina ya juya, don ji na yi kamar an rataye ni a sama babu igiya. Ina ganin inuwata a ƙasa, ina ganin kumfar numfashina tana tafiya har ta fashe a saman ruwa.

Wannan hasken shi ke tona asiri. A teku igiyar ruwa da duhun ruwan suna rufa wa sabon shiga asiri, yana wutsil-wutsil da hannu, yana sama yana ƙasa, ba mai lura. A idon ruwa kowa na kallonka, kuma ƙasan wurin ma tana kai ƙararka. Laka ce mai laushi kamar gari, ta yi shekaru tana kwanciya. Ka harbe ta da takalmin iyo sau ɗaya, ta tashi kamar hazo, kuma in wurin ba shi da ƙarfin gudu sai ta yi sa'o'i ba ta kwanta ba. Mutum ɗaya ya ɓata wa mutum ashirin ranarsu. Daga nan al'adar rashin taɓa ƙasa ta samo asali. Shi ya sa za ka ga tsofaffin hannu sun kwanta sambal a ruwa, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a sama, suna harbin ruwa irin na kwaɗo, don ruwan ya tafi baya maimakon ya doki ƙasa. Ka sa ido ka kwaikwaye su. In kana son gyara wani abu a jikinka, ka nemi dakalin da aka kafa domin hakan ko wani dutse, kada ka durƙusa kan laka ko ciyawar ruwa.

Ni ma an taɓa yi mini wannan faɗan. Na fito ina murna, wani dattijo da ke jiran shiga da na'urar ɗaukar hoto ya dubi ruwan, ya dube ni, bai ce uffan ba, ya tattara kayansa ya koma mota. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin ka shiga, akwai lissafin da zai canza. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba, saboda haka darmar da ka saba ɗaurawa a teku za ta yi maka yawa, ka nutse kamar dutse ka faɗa kan lakar nan da muke magana. Ka rage, ka gwada a bakin ruwa tukuna. Sai sanyi. Idon ruwa bai san rani da damina ba, zafinsa kusan ɗaya ne duk shekara. Na jihar Fulorida a Amurka suna tsayawa wajen digiri 22 a ma'aunin Salshiyas, Blue Hole na garin Santa Rosa a jihar Niyu Meziko wajen 17, Silfra kuwa tsakanin 2 da 4. Digiri 22 a iska daɗi ne, amma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri ninkin-ba-ninkin, bayan minti arba'in za ka ji haƙoranka na kaɗawa a kan abin numfashi. Ka tambayi zafin wurin, ka ɗauki rigar roba mai kauri. Ka kuma tambayi tsayin wurin daga matakin teku, domin da zarar an haura mita 300 lissafin lokacin zama a ƙasa ya canza. Shi wancan Blue Hole ɗin yana kan tudu mai kimanin mita 1,400. Ka duba agogon nutsonka ko yana gyara kansa, kuma in hanyar komawa ta bi ta kan tsauni, ku ɗan jinkirta, don hawan dutse bayan nutso ɗan'uwan hawan jirgin sama ne, dukansu haɗari ne ga jiki.

Yanzu maganar tocila, wadda na ga ta fi ba ka haushi. Kowane idon ruwa yana da maƙogwaro, ramin da ruwan ke fitowa, kuma sau da yawa bayansa kogo ne mai rassa. Ruwan garau yake, bakin ramin a buɗe, sai zuciya ta ce leƙa kaɗan ka dawo. Wanda ba shi da tocila, inda hasken rana ya ƙare nan zai tsaya, duhu ya kore shi. Wanda ke da ita zai ƙara mita biyar, ya ƙara goma, ya sha kwana. Da ya juyo sai ya tarar ƙafarsa ta tada laka a bayansa, kumfarsa kuma ta kakkaɓo ta rufin kogon, tocilar ta zama banza, hannunsa ma ba ya gani. Sama dutse ne, ba a tasowa. Iska na ƙarewa yana laluben bango, wataƙila ƙofar tana kusa da shi. Don haka ne a wurare irin ɓangaren kogunan Ginnie Springs na Fulorida ake hana mai takardar farko irin taka riƙe fitila, sai wanda ya yi horon kogo. A Santa Rosa kuwa ƙarfe aka gitta a bakin ramin bayan mutuwar wasu masu nutso biyu a 1976. Allon nan da za ka gani, a wurare da dama har da zanen ƙwarangwal mai riƙe da lauje, bayan an sha fito da gawarwaki aka kafa shi, ciki har da na malaman nutso da suka ƙware a teku.

Masu shiga kogo suna jan zare tun daga waje, suna ɗaukar fitila uku, kuma suna raba iskarsu kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya don abokin tafiya. Ilimi ne mai zaman kansa. In ya burge ka, ka nemi malaminsa, ba zan hana ka ba, ko da yake mahaifiyarka sai ta cinye ni ɗanye.

Akwai wata al'adar da ba a rubuto muku ba. Duk wanda ya ɗaga babban yatsa, nutso ya ƙare, kowa ya tashi, ba a tambayarsa dalili a ƙasa, ba a yi masa ba'a a sama. Ƙaramin wuri yana sa mutane sakaci da wannan, da tsayawar minti uku a mita biyar kafin fitowa, da duba kayan juna, wai ai ɗan tafki ne. Ka tuna huhun da ya riƙe numfashi yana tasowa zai iya yagewa ko a zurfin da bai kai tsayin ɗaki ba. Ka kuma san inda aka cika maka tukunyar iska. Jak Kusto, wanda shi da Emil Ganyan suka ƙera na'urar numfashin nan a 1943, saura ƙiris ya mutu a 1946 a idon ruwan Bokulus na Faransa, saboda injin cika iska ya zuƙi hayaƙin kansa ya ɗura masa shi da abokin nutsonsa a tukwane. Ita gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, amma in ka ji iskar na warin mai ko hayaƙi, mayar da tukunyar.

Ban ce wurin ba shi da aibi ba. Bayan nutso biyu ka gama ganin duk abin da ke ciki: 'yan kifaye, ƙila kunkuru, yashi na tafasa inda ruwa ke ɓuɓɓuga. Ranar hutu kuma makarantun nutso kan cika irin waɗannan wurare da ɗalibai, kafin hantsi ruwan ya koma kamar kunu. In akwai kogi kusa, ambaliya takan turo baƙin ruwa ciki har a rufe wurin. Ku buga waya kafin ku kama hanya, ku zaɓi ranar aiki, ku zama na farkon shiga da sassafe.

Nutso na farko ka ba idonka haƙƙinsa. Na biyu ka nemi wuri a mita biyar, ka harɗe hannu, ka gwada tsayawa cak minti biyu da numfashi kaɗai, abokinka ya ɗauke ka bidiyo. Ka turo mini, tare da adadin darmar da ka rage. Ka tafi da busassun kaya masu ɗumi na sawa bayan fitowa.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka, maganar kogon nan kuma ta tsaya tsakaninmu tukuna.

Kawunka