Karena ya ɓace a Houston, ina zan nufa?

Tambaya: Likita, ina zaune a birnin Houston, jihar Texas ta Amurka. Daren 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ƙarar wasan wuta ta firgita karenmu, ya tsallake katanga. Yau kwana biyu ke nan. In jira ya dawo da kansa, kamar yadda muke yi a gida?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka jira. A gida kare yakan yi yawonsa ya dawo da yamma, amma a nan in ma'aikatan kula da dabbobi suka gan shi yana gararamba, mota za su sa shi su kai shi gidan ajiye dabbobi. Can kuma kwanakinsa a ƙirge suke. Wurare da yawa kwana 3 zuwa 5 kawai suke riƙe kare suna jiran mai shi, daga nan ya zama nasu, su ba wanda ya nema. In tun daren aka kama shi, ka riga ka ci biyu.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne su kira waya sau ɗaya su haƙura. Ka je da ƙafarka. Wanda ya rubuta shi a kwamfuta yana iya sa masa "ruwan ƙasa", kai kuma kana cewa ja ne, sai a ce maka babu shi alhali yana kwance a keji na uku. Gida biyu za ka leƙa: BARC na birnin Houston ne, Harris County Pets kuma na gundumar Harris, wadda akasarin Houston ke cikinta. Kare bai san iyakar birni ba, wanda ya tsince shi ma ba lallai ya sani ba. Ka tafi da hotonsa, da katin shaidarka, da takardar allurar rigakafin ciwon haukan kare, da ɗan kuɗin fansa a aljihu.

Yana da maikurocif? Ita ce 'yar na'urar nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Ba ta nuna inda kare yake, lamba ce kawai da ake karantawa da na'ura. Na sha karanta lamba a jikin kare, na buga wayar da aka yi rajista da ita, na tarar an daɗe da rufe layin. To, yau ɗin nan ka duba rajistarka. Ka kuma ɗora hotonsa a Petco Love Lost (shafin intanet na cigiyar dabbobin da suka ɓace), da Nextdoor (manhajar sadarwar maƙwabta), da zaurukan unguwa na Facebook, ka ajiye tsohuwar rigarka a bakin ƙofa saboda ƙanshinka.

In Allah bai sa an dace ba, yara kuma suka matsa, gidajen nan dai su ne wurin ɗaukar wani. Ana miƙa maka shi an yi masa allurai, an dandaƙe shi ko an cire mata mahaifa, an sa masa maikurocif. Sai dai ka fara tambayar mai gidan hayarka, don wasu ba sa yarda da manyan karnuka.