Lemon ƙara kuzari: in sayar wa 'yan makaranta ko in hana su?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan sanyi kusa da wata makarantar sakandare a Zariya. Abin da ya fi tafiya a firij ɗina shi ne lemon ƙara kuzari, kuma yawancin masu saye 'yan makaranta ne. Uwargida ta ce in daina sayar musu. Ni kuwa gani nake kuɗinsu ne, ba giya nake sayarwa ba, in ma na hana shagon gaba zai sayar. Ya kake gani?

Amsa: Alhaji, ina bayan uwargida. Amma bari mu fara leƙa cikin gwangwanin.

Abin da ke tayar da mai sha shi ne sinadarin kafeyin. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80 na kafeyin da sukari kusan giram 27, wato cokalin shayi shida zuwa bakwai. Babban gwangwanin Monster mai rabin lita yana da kusan miligiram 160. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce baligi mai lafiya zai iya ɗaukar miligiram 400 a yini, amma yaro kada ya wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsa. Yi lissafi da ɗan shekara 14 mai kilo 45. Iyakarsa 135 ke nan. Babban gwangwani ɗaya ya riga ya haura da shi, tun bai sha shayi ba.

Na taɓa tsayawa a wani shago da misalin bakwai da rabi na safe. Wani yaro ya shigo da kayan makaranta, rigar ta yi masa yawa, ya zaro kuɗi a aljihun jaka, ya buɗe firij da kansa. A bakin ƙofa ya kafa kai, bai sauke gorar ba sai da ta kai rabi. Na ce masa, “Ka karya kuwa?” Ya ce a'a, wannan ya ishe shi har a tashi. Kuɗin karin kumallonsa ne ya tafi a nan. Har yau in na tuna yadda hannunsa ke rawa wajen rufe murfin, raina ɓaci yake yi.

Maganarka ta shagon gaba gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjar masu neman doka. A Ingila manyan kantuna da kansu suka daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 tun 2018, ba wanda ya tilasta musu. Yara suka koma ƙananan shaguna. A Satumbar 2025 gwamnatin ƙasar ta sanar da shirin hana sayar wa 'yan ƙasa da 16 duk abin sha da kafeyin ɗinsa ya wuce miligiram 150 a lita, ban da shayi da kofi. Lithuania ta riga kowa a Tarayyar Turai, ta hana sayar wa 'yan ƙasa da 18 tun 2014, Poland ta bi sahu a farkon 2024. Ka lura, ba a hana babba sha ba, ba a rufe kamfani ba. Mai sayarwa aka ce ya dubi wanda ke miƙo kuɗin.

Ni ina goyon bayan irin wannan doka, domin ita kaɗai ke daidaita ka da maƙwabcinka, kada mai tausayi ya yi asara shi kaɗai. Sai dai ba sai ka jira ta ba. Ɗa na kowa ne. Abin da ba za ka miƙa wa naka da safe cikinsa ba komai ba, kada ka miƙa wa na wani. Ka mayar da kayan can ƙasan firij ko bayan kanta, ka sa zoɓo da kunun aya da ruwan sanyi a gaba. Ka kuma je ka sami mai shagon gaba ku yi magana, wataƙila shi ma kai yake tsoro. Cinikin zai ɗan ragu, wannan ba zan ɓoye maka ba. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Tambaya: Baba, shekarata 16, ina shirin rubuta WAEC. Nakan sha gora ɗaya da daddare don in yi karatu. Jikina ne, kuɗina ne. Tsofaffi ma goro suke ci, ba wanda ya hana su. Me ya sa za a takura mana?

Amsa: Ɗana, ka yi tunani mai kyau, goro ma yana da kafeyin. Amma goro ɗaci gare shi, a hankali ake taunawa, ba wanda ke cinye biyar a zama ɗaya. Naka an sanyaya shi, an cika shi da sukari don ya wuce maƙogwaro cikin minti biyu.

Jiki kan ɗauki kusan awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin. In ka sha ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu rabinsa na nan yana yawo a jininka. Idonka biyu, amma karatun ba ya zama, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, kuma mai shekarunka na bukatar awa 8 zuwa 10. Da safe ka shiga aji kana gyangyaɗi, sai ka nemi wata gorar. Wanda kansa ke ciwo duk ranar da bai sha ba, yaya zai ce shi ke zaɓa? Wannan ne ya sa nake ganin hana sayarwar ba raini ba ne. Baligi yana da 'yancin ya sha ya ɗauki abin da ya biyo baya, kai kuwa jikinka bai gama ginuwa ba.

Kada ka yanke lokaci ɗaya, ciwon kai da kasala za su dame ka kwana biyu. Rage zuwa rabi, ka daina sha bayan la'asar, sannan ka bari gaba ɗaya. Ka kwanta bayan isha'i, ka yi karatunka bayan asuba. Allah ya ba da sa'a.

Tambaya: Malam, yaya zan bambance lemon ƙara kuzari da lemon kwalba na yau da kullum? Yarana sun ce duk ɗaya ne.

Amsa: Hajiya, ba ɗaya ba ne. Juya gorar ki duba bayanta. Za ki ga an rubuta kafeyin, sau da yawa tare da taurine ko guarana, da gargaɗin cewa bai dace da yara da masu ciki da masu shayarwa ba. Ki nuna musu rubutun da yatsa, su karanta da bakinsu. Ki kuma sa ido sosai a kan gorar da aka riga aka buɗe kafin ta shigo gida, domin akwai samarin da ke jefa tramadol ko su zuba maganin tari a ciki, launin lemon ya rufe. Idan yaro ya sha ya ce ƙirjinsa na bugawa da ƙarfi, ko jiri na ɗibarsa, ko numfashinsa na sarƙewa, ki kai shi asibiti nan take, ki tafi da gorar a hannu likita ya gani.